Gato na jaka 4, anko na jaka 27

Ga saƙon da wata ɗiyarmu ta turo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Tanti. Ni budurwa ce shekarata 25, ina Zariya 2 nan Maradi gidan iyayena. Ina aikin gishe a wata ajans ta tura kuɗi, albashina jaka 65, wato sefa dubu 65. Ina fita 7 da rabi na safe ban dawowa sai bayan magariba, kwana 6 a sati. Duk wata ina ba Inna jaka 15, adashe jaka 10, kabu-kabu na cin kamar jaka 13, forfe da kiredi jaka 3. Watan da ya wuce buki 3 suka haɗe mani, anko da ɗinki suka tashi jaka 27 har sai da na ci bashi. Sai ga shi na cika shekara ɗaya da kama aiki, na ji daɗi a raina na sayo ɗan gato, wato kek, na jaka 4 na kawo gida mu ci. Yayana, wanda ya gama jami'a shekara 3 bai samu aiki ba, ya ce almubazzaranci ne da kwaikwayon nasara, in bari sai ranar aurena in yi murna. Inna ba ta ce komi ba. Gaton nan yara suka cinye ni ko ɗanɗanawa ban yi ba. Tun ranar nake jin kamar na yi laifi, kuma ina jin rayuwata aiki ne da barci da bukin mutane kawai. Tanti na yi kuskure ne?"

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi yi miki albarka, kuma tunda a gida ba a samu wanda ya faɗa miki ba to ni bari in faɗa, barka da cika shekara, Allah shi sa albarka a cikin aikin ga, shi tsare ki da asara da sharrin gishe. Ba ki yi kuskure ba.

Na san aikin da kike. Na sha tsayawa layi a irin ajans ɗin nan ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ke ci, layi har waje, kowa na miƙo takarda ta ƙasan gilashi, wani na faɗa wai kuɗin da aka turo mishi daga Agadas ba su shigo ba, wata tsohuwa ta manta lambar da ɗanta ya karanto mata a salula sai yarinyar gishe ta lallaɓa ta ta kira shi, ga rezo ya tafi, ga kuran an ɗauke ana jiran a tada gurup, wato janareta, sannan da yamma a rufe ƙofa a zauna lissafin kes, in jaka 5 ta ɓace ko wani ya zura miki jabun takarda cikin damin kuɗi to daga albashinki za a cire. Wadda ta yi wata 12 a haka, miliyoyin mutane na wucewa ta hannunta ba ta taɓa dala ba, ba a kore ta ba, ba a kira ta ɓarauniya ba, wallahi ta yi abin da ya isa a ce mata sannu. Zuciyarki ce ta gane haka shi ya sa ƙafarki ta kai ki wurin mai gato.

Yanzu zo mu yi lissafi da alƙaluman da ke da kanki kika ba ni, don nan ne abin ya fi ci mani rai. 65 a cire 15 na Inna, a cire 13 na kabu-kabu, 10 na adashe, 3 na salula, saura jaka 24. Cikin 24 ɗin nan ne abincin rana yake, da sabulu da man shafawa da kitso, da magani in kai ya sara, da ɗan abin da ƙanne za su ce Yaya a ba mu. Sai anko ya zo ya ci 27. Wato kin kashe abin da ya fi duk abin da ya rage miki a wata don ki fita kala ɗaya da mutane a bukin da ba naki ba, har da bashi a sama, kuma ba wanda ya ɗaga murya a gidanku ya ce almubazzaranci. Da kika kashe 4 don ranarki sai aka ga ɓarna. In akwai inda kuɗinki ke zubewa to wurin ankon ne, kuma shi ya kamata a yi wa faɗa.

Ban ce ki bar zuwa buki ba fa, a Maradi muke, wadda ba ta zuwa na mutane ranar nata kujeru za ta yi wa hira. Amma ki rarrabe abu biyu da ƴan matan yanzu suka cakuɗa. Akwai gudummawa, wato bikin da iyayenmu mata suka sani, ki kai wa ƙawarki jaka 2 ranar aurenta a rubuta a kaye, ranar naki ta maido 4, in ta haihu ki kai 8, a yi ta ninkawa har sai ya yi nauyi a zauna a karya shi a koma ƙasa. Wannan ajiya ce, yana da ranar dawowa. Shi kuwa anko kuɗinshi na tafiya wurin mai atamfa da tela, wani sa'in amarya ta ɗora ƴar riba a kai, ki sa shi sau ɗaya ko biyu a ɗauki hoto, sai ya shiga ƙasan akwati don in kika sake sawa kowa ya san na bukin wance ne. Ba wanda zai maido miki da shi. Don haka ki zaɓa tun yanzu su wa za ki yi wa anko, ƴar ɗakinku, ƙawar da kuka tashi tare, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sauran ki wanke kayanki masu kyau ki goge, ki je da wuri ki kama aiki, ki yanka albasa ki raba abinci, ki damƙa wa amarya jaka 2 a hannu. Zumunta a ƙafa take. In aka turo miki hoton atamfa a gurup na WhatsApp kar ki yi shiru har ranar ta matso kunya ta sa ki ciwo bashi, ki amsa a ranar, "Allah shi sanya alheri, wanga karon ban samu shiga anko ba amma in sha Allahu da ni za a yi komi." Za a yi ƴar magana, sati ɗaya ta wuce. Kuma ki lura, cikin gurup ɗin akwai biyu ko uku da suke jiran wata ta fara faɗa su bi bayanta.

Sai maganar yayanki, kuma ina so ki karanta nan da sanyin zuciya. Abin da ya faɗa bai yi daidai ba, yadda ya faɗe shi a gaban yara ma bai yi ba. Amma ke da bakinki kika ce shekara 3 da gama jami'a bai samu aiki ba. Ki ɗan tsaya a inda yake tsaye. Namiji, babba a ɗaki, ya yi karatu ya riƙo difilom, ya kai dosiye wurare har takalmi ya suɗe, ya yi sitaj kyauta ana ce mishi za a kira shi, kullum da safe yana ganin ƙanwarshi ta saɓa jaka ta fita shi kuma sai fada da shayi, ƙarshen wata yana gani ita ke miƙa wa Inna kuɗin cefane, ƙila ma kiredin da ke salularshi ke kika sa. Ran nan sai ga ki da kwali a hannu kina murnar shekara ɗaya a aiki. Ke kina ƙirga shekara ɗaya, shi a zuciyarshi 3 yake ƙirgawa. Ni a ganina ciwon nan ne ya yi magana, sai ya ara wa kanshi bakin wa'azi don ya fi sauƙin faɗa da a ce "ƙanwata abin na damuna". Samari irinshi sun cika fadojin garin ga tun daga Bagalam har Ali Ɗan Sofo, kuma yawancinsu ba ragwaye ba ne, ƙofa ce ba ta buɗe ba tukuna.

To kar ki je ki yi gardama da shi, kar ki kawo mishi hujja, kar kuma ki kai ƙara wurin Inna. Ki bari sai ranar da kika gan shi shi kaɗai, bayan isha'i ko da safe kafin ki fita, ki gaishe shi yadda kika saba ki ce "Yaya ran nan na ga ranka ya ɓaci, ban yi don in ɓata maka ba, godiya ce nake wa Allah, kuma ina roƙon Allah shi kawo naka mu yi wanda ya fi wannan, ka sa ni a addu'a." Shi kenan ki tashi, ko bai amsa ba ya ji. Gaba kuma in za ki yi wani abu ki fara sanar da shi, ki ma ba shi kuɗin ki ce Yaya kai ka san mai tsire na kirki, ka sayo mana. Mutumin da aka sa a cikin sha'ani da wuya ya tsaya waje yana jifa.

Batun kwaikwayon nasara, ni ba malama ba ce ba kuma zan yanke miki hukunci ba. Kan aniversar na haihuwa da kyandir da waƙa malamai sun yi magana, wasu sun hana wasu sun sassauta, ki tambayi malamin da kika yarda da shi a islamiyyarku. Amma abin da kika yi ba shi ba ne, ni'ima ce ta same ki kika kawo abinci gida. Ayar ƙarshe ta Suratud Duha cewa ta yi a ba da labarin ni'imar Ubangiji, kuma a Suratul Isra'i aya ta 29 an hana ƙuƙunce hannu a wuya an kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya, tsakiya ake so. Mu da muka tashi muna ganin ana walimar saukar Alƙur'ani, ana toya waina a raba in yaro ya samu BEPC ko bak, manomi ya kawo sabon gero a dama fura a aika maƙwabta, ɗan kasuwa ya sayi sabuwar mota a zo a yi addu'a a raba goro da dabino, yaushe murnar ƙaramin abu ta zama ta nasara? Tamu ce tun kaka da kakanni. In gaton ne ke tsone ido a gidanku to ki canza kwano kawai, ki yi dambu da zogale, ki yi fanke, ki sayo kilishi, ki ɗebi kaɗan ki ba almajiran ƙofar gida ki ce sadaka ce. Ba na jin akwai wanda zai buɗe baki ya ce kar a yi sadaka.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne wai ki bari sai ranar aurenki. Aure lokaci ne, Allah shi kawo na gari, amma ba ki san ko bana ne ko shekara 4 nan gaba ba, kuma duk matar da ta yi aure za ta gaya miki ranar buki amarya ce ta fi kowa gajiya da yunwa, an lulluɓe ta ana ta kai ta ana kawowa, mutane ne ke cin shinkafar. Yarinya ta yi ta aiki shekara da shekaru tana ɗaure murnarta a bakin zane tana jiran rana ɗaya, na ga inda hakan ke kaiwa, wasu na faɗawa auren da ba su so don kawai su ma a taru dominsu sau ɗaya.

Ni ma na taɓa zama inda kike. Aikina na farko koyarwa ce a wata lakkol ta ƙauye, aka riƙe mana kuɗi wata 4 sannan aka biya a dunƙule. Na shigo Maradi da su ƙulle a cikin ɗankwali, kwana 3 ba ko dala, na saya wa mahaifiyata turmi, na biya mai kanti, na ba wannan na ba wancan, kuma ban yi nadama ba don addu'ar da tsohuwa ta yi mani ranar har yau ina cin albarkarta. Amma da zan koma, a tasha, ni da wata abokiyar aikina muka sayi kilishi na dala 100 muka zauna kan benci muna jiran mota ta cika, takardar ta jiƙe da mai, yaji na sa mu hawaye muna dariya, ta ce mani "yau dai guminmu muke ci". Shekaru sun wuce 20, ita Allah ya yi mata rasuwa, kuma duk cikin kuɗin nan na wata 4 kilishin nan nake tunawa da ɗanɗanonshi. Shi ya sa da kika ce ko ɗanɗana gaton ba ki yi ba sai da na ajiye salula na ɗan yi shiru.

Ga abin da nake so ki yi daga wanga wata. Ranar da albashi ya shigo, kafin ki shiga gida, ki ware jaka 3 ki sa musu suna, kuɗin jin daɗina. Ba na anko ba ne, ba na bashi ba ne, ba na ƙanne ba. Wani watan ki kira ƙawayenki biyu ranar Lahadi ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sayo zogale ɗanye irin na Jiratawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a dafa shayi a sha hira har la'asar, wani watan ki yi lalle ba don bukin kowa ba, wani watan ki saya wa kanki turare ko takalmin da ba zai matse ki a gishe ba, lokacin rake ki sayo ku zauna da Inna kuna sha. Kuma ba sai kin sa a sitatus ba. Na san abokan aikinki na zuwa restoran su yi aniversar da balan-balan a ɗora a TikTok, ba ki san nawa suka ranto ba, kuma abin da aka yi don ido kuɗinshi ba ya tsayawa wuri ɗaya, bana gato hawa ɗaya baɗi sai hawa biyu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Bashin da kika ci ki fara da shi, ki gaya wa mai shi ranar da za ki biya ko da kashi biyu ne. Adashenki ki riƙe shi da kyau, amma ki sani adashe ba ya fitowa ranar da kike so sai ranar kwasarki, don haka ki ƙara da ɗan asusu ko jaka 2 ne a wata wanda hannunki zai iya kaiwa in lalura ta taso. Kar ki raina. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, matan karkara ne ke zuba ƴan kuɗi kaɗan duk sati a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, su ranta wa junansu, ƙarshen zango su raba, yau ga shi ƙasashen Afirka da yawa sun kwafa. Iyayenki mata ne suka koya wa duniya wannan, ke da ke ƙirga miliyoyi kullum ba za ki kasa ba. Kuɗin anko biyu da kika bari a wata sun isa su cika asusun da kuɗin jin daɗin gaba ɗaya har da canji.

Wani abu kuma da cikar shekarar nan ta kawo miki wanda ƙila ba ki sani ba. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci hutu mai albashi na kwana 2 da rabi kan kowane watan da ya yi aiki, wato shekara ɗaya kwana 30 ke nan. Ki duba takardar kwantaraginki, ki tambayi patoro cikin ladabi yaushe za ki samu konje, ki kuma tambaya ko an rubuta ki a CNSS, asusun ma'aikata na ƙasa, don can ne fansho da haƙƙin haihuwa suke in lokacin ya zo. In ba ki da takarda ko ɗaya a hannu to ki nema, in abin ya gagara akwai ofishin masu sa ido kan aiki a nan Maradi ana zuwa a tambaya. Albashinki ya haura mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa da aka mayar jaka 42 a 2024, alhamdulillahi, amma hakan bai soke hutunki ba. Wannan jin da kike na cewa rayuwa aiki ce da barci, rabinshi gajiya ce tsagwaronta, jikin da ya yi wata 12 yana kwana 6 a sati hutu yake nema. In kin samu ko sati 2 ne ki je ki kwana biyu wurin gwaggo ko kaka in kina da su a Tibiri ko Tasawa, ki yi barcin safe, ki ci tuwo da ɗumi.

Shirun da Inna ta yi kuma kar ki ɗauka goyon bayanshi ta yi. Uwa ce tsakanin ƴaƴa biyu, ɗaya na murna ɗaya na ciwo, duk wanda ta tanka wa ta taɓa ɗayan. Ki same ta a ɗaki ki gaya mata lissafinki gaba ɗaya yadda kika gaya mani, 65 ɗin da inda kowace jaka ke tafiya, don sau da yawa mutanen gida na ɗauka mai aiki a wurin kuɗi kuɗin nata ne, in ta san gaskiyar abin da ke hannunki ita da kanta za ta riƙa tare miki masu kawo anko, ta ce ɗiyata ba ta samu ba wanga karon.

Lahadin da ke zuwa ki koma wurin mai gaton nan ki sayi yanka ɗaya, ƙarami, ki kawo ki shiga ɗakin Inna ki raba biyu ku ci ke da ita, ki ce mata na shekarar da ta wuce ne. Sannan ki sake rubuto mani bayan ƙarshen wata in ji yadda kuka yi da Yaya, ki faɗa mani kuma me ya karanta a jami'a.